Yatsa a Kan Ƙwallon Bahago

A gidanmu na Damagaram da ɓarar gyaɗa ake sauraron tatsuniya. Kakarmu ta wajen uba, Kaka Dije, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, saboda haka kullum akwai buhu jingine a ɗakin girki. In an idar da sallar isha a lokacin sanyi, sai ta hura wuta a tsakar gida da ɓawon jiya da 'yan kirare, ta ajiye wa kowa ƙwaryarsa, ni da yayata Habsu da duk yaron maƙwabta da ya shigo. Wutar ɓawon gyaɗa ba ta da harshe sosai. Ja take yi da hayaƙi, amma tana daɗewa. Har yau in na ji ƙaurin gyaɗa, sai in ji gwiwoyina sun ɗumama, bayana kuma yana sanyi.

Dokar Kaka ɗaya ce. Muddin hannuwanmu na ɓara, bakinta na tafiya. Da ta ji ƙarar ɓawo ta ragu, sai ta tsaya a tsakiyar magana, ko da kura na rataye a bakin rijiya ne. Ba ta yin faɗa. Kara take ɗauka ta yi ta tona wuta har mu koma aiki.

"Maigidana ya gaji," in ji ta, ni take nufi, don haka take kirana da wasan kaka da jika. "Miji ke nan, ƙwarya ɗaya ta gagare shi. Da me za ka ciyar da ni, Mamman?"

Ba marmari ne ya sa na koma tuna wutar nan ba. A shekarar korona matata Rabi ta rasu a gida ina nan Dubai, jirage a tsaye, aka binne ta ban gani ba. Ta bar mini 'ya ɗaya, Nana, a hannun yayata Habsu. Yarinyar ta yi ta aiko mini da saƙon murya ta wayar Habsu, ni kuwa na kasa buɗe ko ɗaya, na kasa kiranta. Ba kuka ne ya hana ni ba, rashinsa ne. Na duba ƙirjina ban sami komai ba, sai na ji tsoron yarinya ta gane haka a muryata. A cikin wannan hali ne labarin Bahago ya dawo mini.

Kaka ta iya na kura da na dila da na 'yar sarki, amma na Bahago daban take buɗe shi. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, da ƙafar hagu take takowa." Mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso, mun share mata wuri."

Ta ce wannan da idonta ta gan shi. Da ƙuruciyarta ta yi aikin girki da wanki a gidan wani Nasara Bafaranshe da ke aiki a kamfanin sayen gyaɗa. Da hagu yake cin abinci, da hagu yake shuri, sunansa na gaskiya kuma ya fi ƙarfin harshenta, sai ta sa masa Bahago, ya kuwa amsa. Shi ya ba ta tarihinsa kaɗan-kaɗan a bakin ɗakin girki, da guntuwar Hausarsa da guntun Faransancinta. Mu dai ba mu yarda ba. Ƙwallo mai kama da ƙwan jimina da aka matse? Wurin cin ƙwallo ba raga, sandunansa sun tasar wa sama, kuma wai ta sama ake so ƙwallo ta wuce? Mun sa shi layi ɗaya da kura mai magana.

A cewarta, an haife shi a wani ƙauye na kudancin ƙasarsu, gindin duwatsu, inda ake kiwon tumaki. Ubansa maƙeri ne. A can akwai wani wasa da ƙarti ke yi cikin taɓo. Su rungumi ƙwallon su ruga, a kama su a kayar, su haɗa kawuna suna ture juna kamar raguna. In wani ya yi laifi mai usur ya busa, sai kowa ya ja gefe a kira mutum ɗaya. Shi zai tara ƙasa ya yi ɗan tuli, ya kafa ƙwallon a kai, ya ja da baya, ya buga ta ta bi ta saman sandar da aka gicciya tsakanin dogayen sanduna biyu.

"Duk wasan tare ake yinsa," in ji Kaka. "Sai wannan bugun. Nan kam ba uwa ba uba."

Bahago yana da ƙane. Tun suna yara a bayan maƙerar ubansu, in iska ta hana ƙwallon tsayuwa, ƙanen ne ke kwanciya rub da ciki ya ɗora mata yatsa ɗaya, ya kau da fuska. Dokar wasan ta yarda da haka. Suka buga wa ƙauyensu, daga nan babban garin yankin ya ɗauke su su biyu. Ƙanen ba wani gwani ba ne, amma ba a raba su, don Bahago ba ya yarda da yatsan kowa.

A lokacin nan Bahago matsoraci ne. Kafin a shiga fili sai ya yi amai. In ya ja da baya zai buga, gwiwarsa rawa take yi. Yau ya ci, gobe ya zubar. Duk da haka ƙafarsa tana da nisa, labarinsa ya kai babban birni, aka aiko ya zo ya buga wa ƙasa. Aka ba shi shuɗiyar riga mai hoton zakara a ƙirji da wata 'yar hula mai tuntu. Kaka ta ga duka biyun a akwatinsa, ita ke shanya su kada gara ta ci.

"Ƙasa guda, da sojanta da jiragenta, ta rasa abin da za ta liƙa a ƙirji sai zakara. Na ce masa, Bahago, ko ɗan zaki ba ku da shi? Ya ce, Dije, zakara ko ƙafarsa na cikin taɓo yana cara. Na ce, namu ma haka, amma miya muke yi da shi."

Ya buga da Turawan Ingila, ya buga da wasu maƙwabtansu da ke cika fili da waƙa. Ya zubar da wani bugu da kowa ya sa rai a kai, aka sallame shi ya koma garinsu. Ya ci gaba da bugawa a can har aka sake kiransa. Ana cikin haka aka ɗauki ƙanensa soja, aka kai shi wani yaƙi a hayin teku.

Wata safiya, ranar babban wasa a babban birni, aka bugo tangaraho cewa an kashe ƙanen. Manya suka ce in yana so ya tafi gida, ba wanda zai ga laifinsa. Bahago ya zauna a bakin gado yana jiran ya ji wani abu. Bai ji ba. Sai ya ɗaura takalmansa.

A nan Kaka takan sauke murya, ta yi irin Hausar Nasara. "Ya ce mini, Dije, na tara ƙasa. Na ja da baya. Gwiwata ba ta yi rawa ba. Mutane na ihu, ni kamar kunnena na cikin ruwa."

Ranar duk abin da ya buga ya shiga. Aka ɗauke shi a kafaɗa, yana kallon kawunan mutane kamar wanda ke kallon kabewa a kasuwa. Daga ranar bai ƙara amai ba, bai ƙara rawar gwiwa ba. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi kyau a wasansa. Jaridu suka yi ta yabon sanyin zuciyarsa, alhali shi abin da yake tsoro ke nan. Ya je ƙauye ya tsaya gaban uwarsa ido a bushe, ta dube shi ta kau da kai, sai ya rage zuwa. In iska ta taso a fili wani abokin wasa ya ce bari ya riƙe masa, sai ya girgiza kai, ya ƙara ƙasa a tulin, ya danne da diddige.

Daga baya gwiwar ta lalace, ga kuma wani saurayi ya taso. Ba wanda ya kira shi ya gaya masa. A rediyo ya ji ana karanta sunayen waɗanda za su buga wa ƙasa, aka kai ƙarshe babu nasa. Ya kashe rediyon ya ƙarasa cin abincinsa. Da aka ce ana neman mai aiki a wata ƙasa mai nisa, ya ce shi ne.

A bayan gidansa na Damagaram akwai giginya biyu kusa da juna. Ya sa aka ɗaura igiya tsakaninsu. Kullum da la'asar in ya taso daga aiki, sai ya fito da ƙwan jiminarsa, ya tara yashi, ya buga, ya taka yana ɗingishi ya ɗauko, ya sake tarawa. Ba mai kallo sai awaki.

Wata rana farkon damina hadari ya haɗu, iska ta taso. Kaka ta fito da gudu kwashe shanya. Ta gan shi yana kafa ƙwallon tana faɗuwa, yana kafawa tana faɗuwa.

"Na ce, wannan Nasara a nan zai kwana, ga miyata a wuta. Sai na ajiye wanki, na durƙusa, na ɗora mata yatsa. Na ce, buga mana mu shiga, ruwa zai sauko."

A daidai nan takan ɗaga yatsan ta nuna mana a hasken wuta. Manunin hannun dama ne, tsufa ya ɗan karkata shi, kansa ja da lalle.

Bahago ya ja da baya yadda ya saba. Amma bai dubi giginya ba, yatsan ya duba. Ya zauna daɓas cikin yashi, ya fashe da kuka kamar yaron da aka yaye, yana kiran wani suna. Ruwa ya sauko a kansu. Kaka ta ce ba ta ɗauke yatsan ba, don ba wanda ya ce ta ɗauke.

"To ya buga?" Habsu ce mai wannan tambayar kullum.

"Ya buga, bayan ya face hanci."

"Ta shiga?"

"Ina fa. Can cikin gonar gero ta faɗa. Miyata kuma ta ƙone."

Sai mu kwashe da dariya, ƙato guda yana kuka don ya ga yatsa. Sau ɗaya na tambaye ta me ya hana shi yin kukan tun ranar tangaraho.

"Maigidana, kukan ne bai iso ba. Daga nesa ya taso, kuma a ƙasa yake tafiya. Hannu dai, hannu, ƙwaryarka ko rabi ba ta kai ba." Sannan ta rufe yadda take rufe wannan kaɗai: "Nan ta tuɓe takalmi ta kwanta. Wanda ya tashe ta, shi ke wanke tukunya."

Kaka ta rasu tun ban yi aure ba. Da na auri Rabi na taɓa ba ta labarin, har da kwaikwayon muryar tsohuwa, ta yi dariya ta ce kakata ta iya shirya ƙarya. Daga nan ban ƙara tuna shi ba.

A 2016 na zo Dubai, na sami aiki a wani kamfani mai kula da ciyawar filayen wasa a bayan gari. Safiyar farko bas ta kwashe mu daga unguwar Abu Hail, muka bar dogayen gine-gine, muka shiga rairayi, sai ga kore shar a tsakiyar sahara. Na sauko, na ɗaga kai, sai ga dogayen sanduna biyu farare, an gicciya musu ɗaya, ba raga. A gefe wasu ƙartin Turawa na jifan juna da ƙwan jimina. Na tsaya da tiyo a hannu har mudir, shugaban aikinmu, ya ce, "Yalla, yalla," wato maza-maza. Ragbi ake kiran wasan. Da yamma na kira Rabi na gaya mata.

"Ashe tsohuwa ba ta yi ƙarya ba," in ji ta. "Allah ya gafarta mini, na ci naman kakarka."

Yanzu ba sa tara ƙasa. Wata 'yar roba suke ɗora ƙwallon a kai, kamar murfin tulu. Akwai wani dattijo Bafaranshe da ke koya wa yara, na gwada masa ɗan Faransancina na Nijar na tambaye shi ko da can ana tara yashi. Ya ce ƙwarai, kuma in iska ta yi yawa har gobe wani kan kwanta ya riƙe. Ya tambaye ni sunan mutumin da kakata ta sani. Na ce Bahago. Muka yi dariya, maganar ta tsaya nan.

Haka na zauna shekaru ina ban ruwa, ina aske ciyawa, ina ja farin layi. Ranar Juma'a kuma in je wani ɗaki a Al Nahda inda wani ɗalibi ɗan Kano ke koya wa irina karatu da rubutun boko, don ina so in riƙa karanta abin da Nana ke rubutawa a lakkol, wato makaranta, da idona. Sai korona ta zo, aka kulle gari. Aka rufe filaye, aka rufe masallatai, ajinmu ya tsaya. Amma ciyawa ba ta san kulle ba, saboda haka mu 'yan kaɗan aka ba takardar fita muna zuwa ban ruwa.

Ina tsakiyar fili da hantsi Habsu ta kira. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, Rabi ta hana a gaya mini don kada hankalina ya tashi. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaya yaushe za a kai ta. Na yi godiya. Na mayar da waya aljihu, na ƙarasa ban ruwan ɓangaren da na fara, na naɗe tiyo yadda ake naɗewa.

A ɗakinmu na Abu Hail, abokan zamana suka zauna nesa-nesa da juna suka yi mata addu'a. Garba, wani Bakano mai ɗaure wa 'yan kasuwa kayan da za a loda a jirgi a kasuwar Deira, shi ya dafa shinkafa ya tura mini. Na ci, na ƙoshi. Na kwanta na yi barci. Da safe na tashi kafin kowa. Mutane suka yi ta kira daga gida suna gaisuwa, suna cewa Mamman akwai tawakkali. Ina amsawa, amma na san ba tawakkali ba ne. Mai tawakkali yana jin ciwo ya danne. Ni ba abin da zan danne. In na kira fuskar Rabi a raina, tana zuwa, sai dai kamar hoton da ke jikin biza.

Saƙonnin Nana suka yi ta taruwa. Ina ganin alamarsu, ina juya wayar ta kalli katifa.

"Damagaram," in ji Garba wata rana, don haka yake kirana, "wayar nan taka sai ƙyalli take kamar shagon gwal. Ka buɗe mana, habibi."

"Shuwayya shuwayya. Sannu a hankali."

"Shuwayyar nan taka ta tsufa. In kunnenka ne ba ya so, ba ni in saurara maka."

"Bar shi, Garba."

Ya dube ni, ya ja takunkuminsa sama.

Daga baya saƙonnin suka daina zuwa. Sai Habsu ta kira da kanta, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Mamman, yarinyar nan ta daina tambayar uwarta, kai take tambaya. Jiya ta ce mini ko kai ma ka mutu ne ana ɓoye mata. Abinci sai na tsaya a kanta. Yanzu ko wayar na miƙa mata ba ta karɓa."

"Yaya, ban san me zan ce mata ba. Ba na jin komai. In ta ji muryata za ta ɗauka ban damu da uwarta ba."

"Wa ya tambaye ka abin da kake ji? Murya ake nema. In ba ka da magana, yi mata tatsuniya. Uwarta kullum sai ta yi mata kafin ta kwanta. Ni ka sani ban iya ba, ɓara kawai na koya a wurin Kaka."

Kashegari da la'asar na rage ni kaɗai a babban fili, sauran suna can wani ɓangare. A ɗakin ajiya akwai ƙwallaye cikin raga tun ranar da aka rufe. Na ɗauko ɗaya, na ɗebo yashin da muke cike ramuka da shi, na yi ɗan tuli a gaban sandunan. Iska mai zafi na busowa daga sahara. Na kafa ƙwallon ta faɗi. Na sake kafawa ta faɗi. Na tsaya ina kallonta, ina jiran abin da ya sami Bahago ya same ni. Na ma kira sunan Rabi a fili, don in taimaka masa. Ba abin da ya zo. Ƙwallo ce a ƙasa, ni kuma mutum ne a tsaye cikin rana.

Na mayar da ita cikin raga. Na ciro waya na danna wurin ɗaukar murya, bakina ya ƙi buɗuwa. Na goge, na sake, haka dai. Sai na tuna ban taɓa jin wannan labari hannuna na zaune ba. Na kunna famfo, na riƙe tiyo da dama ina bin layin ciyawa, waya a hagu. Ruwa na fita, sai magana ta fito.

"Nana, Babanki ne. Ina nan, ban mutu ba. Ga wata nan tafe, da ƙafar hagu take takowa."

Na ba ta shi tun daga maƙera har gonar gero. Muryata ba hawa ba sauka, kamar ta mai kiran sunaye a bakin bas. Na ji haka da kunnena, amma ban tsaya ba, don na san in hannun ya tsaya shi ke nan. Na kai inda ta tuɓe takalmi ta kwanta, na aika.

Ba amsa ranar. Da safe ina wancan fili dai, tiyo a hannu, wayar ta yi motsi. Wannan karon na buɗe.

"Baba, ina kwana." Ina jin kaji a bayanta. "Na ji. Amma ka yi kuskure. Inna ta ce ƙwallon ta shiga. Ta bi ta saman igiya, daidai tsakiya. Kuma miyar ba ta ƙone ba, Nasaran har ƙari ya nema. Kuma ba ka yi muryar Kaka ba. Inna tana yin muryar Kaka."

Ban taɓa sanin Rabi ta riƙe labarin ba. Duk shekarun da nake nan ina ban ruwa, ashe tana can ɗakinmu tana kwaikwayon muryar tsohuwar da ba ta taɓa gani ba, yadda ta ji na yi sau ɗaya, ta kuma gyara ƙarshen don yarinya ta yi barci da daɗi. Wannan ba ya cikin hoton biza. Wani abu ya motsa a ƙarƙashin haƙarƙarina, irin yadda ƙafar da ta sage ke yi in jini ya fara komawa. Ba daɗi, ba kuma kuka ba ne. Na dai tsaya wuri ɗaya har ruwa ya cika takalmana, wani abokin aiki ya ɗago hannu daga nesa yana cewa, "Khalas, khalas," wato ya isa haka.

Na danna na ce, "Ta shiga, Nana. Ni ne na manta. Ki ci abinci, da yamma zan sake yi miki, da muryar Kaka."

Muna yara, mun ɗauka labarin Bahago labarin ranar da ya yi kuka ne, don nan ne abin dariya yake. Da na girma na ɗauka labarin yatsa ne, cewa kowa na bukatar mai riƙe masa. Yanzu abin da na fi tsayawa a kai shi ne tsakanin tangaraho da hadarin nan. Shekaru ne masu yawa, Kaka kan wuce su da magana kaɗan. Mutum bai ji komai ba, yana zargin kansa, amma kullum yana fitowa ya tara ƙasa. Kuskurensa ɗaya da na gani, ya daina zuwa wurin uwarsa don idonsa a bushe yake. Ya ɗauka hawaye take nema a wurinsa. Wataƙila ita ɗan da ya rage mata kawai take son gani. Saura kaɗan in yi wa Nana haka.

Da aka buɗe hanya a shekarar da ta biyo baya na je gida. Na tsaya a kan kabarin Rabi na yi mata addu'a, idona a bushe. Na dawo bakin aikina, ajinmu na Juma'a ma ya dawo, shi ya sa nake iya rubuta wannan da hannuna, a hankali. Kukan bai iso ba har yanzu. Na daina leƙa hanya. In Kaka ta yi gaskiya kamar yadda ta yi a kan sandunan, yana tafe.

Kullum da la'asar, lokacin ban ruwa na ƙarshe, nakan yi wa Nana ɗaya. Ta ji na kura, ta ji na dila, amma na Bahago take yawan nema. Wani lokaci kai tsaye nake kira, Habsu na gefe tana ɓara. In na kai wurin giginya na ce ƙwallon ta tashi ta bi ta saman igiya, sai in ji Habsu daga nesa tana cewa, "Ni dai ba haka Kaka ta faɗa ba."

"Gwaggo, yi shiru," in ji Nana. "Baba, daidai ina ta bi?"

"Daidai tsakiya," nake ce mata.